Yadda Ake Kwana a Tanti Cikin Rairayin Marzuga a Maroko

Marzuga ƙauye ne a kudu maso gabashin Maroko, kusa da iyakar Aljeriya, a gindin tuddan rairayin da ake kira Irg Shabbi. Tsawon rairayin daga arewa zuwa kudu ya haura kilomita 20, faɗinsa kilomita 5 zuwa 7, tudu mafi tsayi kuwa yana kaiwa mita 150. A gefen waɗannan tuddai ake kafa zangon tantuna inda baƙi ke kwana. In za ka bincika a intanet ko a taswirar waya, Merzouga da Erg Chebbi za ka rubuta.

Kwana ɗaya ne ko biyu, amma akasarin abin da ke ɓata shi tun daga gida ake ɓata shi: an zaɓi watan da bai dace ba, an kama zango don hotonsa ya yi kyau, ko an raina nisan hanya. Shi ya sa shiri ya fi yawa a bayanin nan.

Kayan da za ka tanada

- Fasfo da bizar Maroko ga mai fasfon Najeriya, katin rigakafin shawara, da kwafin takardar aure in da iyali za ka je, don wasu masaukai kan tambaya.
- Ƙaramar jakar goyo wadda za ta ɗauki kayan kwana ɗaya. Akwati mai taya ba ya tafiya a rairayi, raƙumi ma ba ya ɗaukarsa.
- Dogon wando mai kauri wanda bai matse ba, rigar sanyi ta gaske, hular sanyi, safar hannu, da safar ƙafa biyu.
- Rawani ko mayafin auduga mita 3 zuwa 4. In babu, ana sayarwa a Marzuga da Risani, garin da ke kan hanyarta.
- Takalmi sau-ciki na tafiya, da silifa na cikin zango.
- Tabarau, man kaɗanya na leɓe da ƙafa, da ɗigon ido.
- Tocila, an fi son mai ɗaurawa a goshi. Fitilar waya ba ta isa, kuma tana cinye caji.
- Fawa-banki cike da caji, da adafta. Soket ɗin Maroko mai ƙafa biyu ne zagayayyu, wutarsu kuma 220 ce. Caja mai ƙafa uku irin ta Najeriya ba ta shiga, ta mutanen Nijar kuwa takan shiga.
- Ruwan kwalba: manyan kwalabe biyu na lita ɗaya da rabi ga kowane mutum a kowane dare, ko da zangon ya ce yana bayarwa.
- Buta da darduma.
- Farasitamol, garin gishiri da sukari na gudawa, maganin amai saboda hanyar duwatsu, da abin shaƙa ga mai asma. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya riƙe maganinsa a jakar goyo, kada ya bar shi a akwati.
- Ledoji masu zif biyu ko uku, na waya da kyamara.
- Tsabar dirhami, kuɗin Maroko, har da ƙananan takardu na 20 da 50.
- Ɗan yaji a gwangwani. Abincinsu yana da ƙamshi amma ba shi da zafi.

Abu ɗaya da ba za ka ɗauka ba: ƙaramin jirgin nan marar matuƙi na ɗaukar hoto. Maroko ta hana shigo da shi sai da izini, jami'an kwastan kuma suna karɓewa a filin jirgi.

1. Zaɓi lokaci

Lokuta biyu ne masu kyau: daga Maris zuwa farkon Mayu, da kuma daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Cikinsu Oktoba da farkon Nuwamba sun fi, domin zafin rana ya sauka, sanyin dare bai tsananta ba, kuma lokacin ne ake sare dabino a yankin Tafilalt, inda Marzuga take. Maris da Afrilu ma suna da daɗi, illa iskar rairayi ta fi tashi a cikinsu.

Daga Yuni zuwa Agusta zafi yakan wuce digiri 45, tanti ya riƙe zafin har tsakar dare. Zanguna da dama rufewa suke yi. Waɗanda ke zuwa a lokacin galibi 'yan ƙasar ne masu ciwon gaɓɓai da ake binne jikinsu cikin rairayi mai zafi na 'yan mintuna. Kai ba wannan ya kawo ka ba.

Disamba zuwa Fabrairu ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Mutum ya ce ai ya san hunturun Kano ko na Damagaram, ya tafi da 'yar suwaita ɗaya. Sanyin Marzuga yakan sauka zuwa digiri sifili da asuba, wani lokaci har ƙasa da haka, kuma tsakaninka da shi ƙyalle ne kawai. Ana iya zuwa, sama ma ta fi tsabta a lokacin, amma da cikakken shiri.

Bayan ka zaɓi watan Turawa, sai ka duba lissafin watan Musulunci. Mai son ganin taurari ya sa kwanansa tsakanin 27 ga wata zuwa 3 ga sabon wata, lokacin duhu. Mai son ganin tuddai da dare kamar da rana ya sa tsakanin 13 zuwa 15. Ba a samun biyun a dare ɗaya: farin wata yana shafe yawancin taurari.

2. Zaɓi zango

Zangon iri biyu ne. Akwai na gargajiya mai tantin baƙin saƙi ko na tamfol, katifa a ƙasa ko a ɗan gado, banɗaki na haɗaka a gefe. Akwai kuma na alfarma mai farin tanti babba, gado na sosai, da banɗaki a cikin tantin. Bambancin kuɗinsu kan ninka sau uku ko fiye. Mai iyali, ko wanda ke da tsoho a tare da shi, ya ɗauki mai banɗaki a ciki, domin fita neman banɗaki ƙarfe uku na dare cikin sanyi ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi kyan tanti muhimmanci shi ne inda aka kafa shi. A 2019 hukumomi sun tashi zangunan da ke tsakiyar rairayin, aka mayar da su gefe. Saboda haka duk wanda ya ce maka tantinsa yana can tsakiyar sahara, ka nemi ya turo maka alamar wurin a taswirar waya, ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam ka gani da idonka. Na gefen yamma suna kusa da kwalta da ƙauyukan Marzuga da Hasi Labyad: isa gare su da sauƙi, amma za ka riƙa hango fitilun gari, kana jin ƙarar baburan rairayi masu ƙafa huɗu. Na gefen gabas, bayan tuddai, sun fi shiru da duhu, kuma rana ta gabansu take fitowa. Ka kuma ƙirga zanguna nawa ne kewaye da shi a hoton. In sun yi cincirindo, kiɗan maƙwabta da janaretansu naka ne.

Kafin ka biya ko sisi, ka tura waɗannan tambayoyi a rubuce ta WhatsApp. Yawancin masu zango suna jin Larabci da Faransanci da ɗan Ingilishi, ban da harshensu na Tamazight.

- Banɗakin nawa ne ni kaɗai ko na haɗaka? Ruwan zafi da gas ake dafa shi ko da hasken rana? Na hasken rana yakan huce kafin asuba.
- Wutar lantarki har ƙarfe nawa? Akwai soket a cikin tantin?
- Me ake ɗumama tanti da shi, kuma barguna nawa ne a kan gado?
- Kuɗin ya haɗa da raƙumi zuwa da dawowa, abincin dare, karin kumallo da ruwan sha?
- Tantuna nawa ne a zangon, kuma ana sayar da giya?
- A ina zan bar akwatina, a ina za mu haɗu, da ƙarfe nawa?

Wanda ya amsa maka ɗaya bayan ɗaya ya san aikinsa. Wanda ya ce "babu matsala, komai akwai" ka wuce shi. Wajen duba sharhin baƙi a Booking.com ko Google, ka tsallake masu yabo, ka karanta na masu ƙorafi da aka rubuta a irin watan da za ka je. Yabon da aka yi a Afrilu ba ya gaya maka komai game da bargon Janairu.

In kuɗi bai kai na alfarma ba, ka kama ɗaki a ɗaya daga cikin masaukan ƙasa da ke bakin rairayi a Hasi Labyad, ka kwana ɗaya a can, ka yi na biyu a tantin gargajiya. In lokaci ne babu, akwai Agafay da ke ƙasa da awa ɗaya daga Marakish, amma ka sani tsakuwa ce da duwatsu, babu tudun rairayi. Haka tafiyar kwana biyu zuwa Zagora da ake tallatawa: rairayin can 'yan ƙanana ne, masu zuwa da hoton Marzuga a ransu sukan dawo da ɓacin rai. Wanda kuma ya ga Marzuga ta yi masa cunkoso, akwai Irg Shigaga bayan garin Mahamid, sai dai ba kwalta, tafiyar sa'o'i ce a mota mai taya huɗu masu ja.

3. Kama wuri

Kwana biyu za ka kama a yankin, ba ɗaya ba. Wanda ya kama ɗaya yakan iso da la'asar a gajiye, ya hau raƙumi, ya ci abinci, ya kwanta, da safe a mayar da shi mota: tafiyar awa goma sha takwas zuwa da dawowa saboda 'yan sa'o'i. Kwana na biyu ne kuma ke cetonka in iska ta ɓata na farko.

Kada ka biya duka kuɗin tun kana gida. Ka ba da kafin alƙalami ta shafin da ka kama wurin, sauran sai ka isa. Ka ajiye hoton hirarku da jimillar kuɗin a waya. Kusan duk zanguna tsabar kuɗi suke karɓa, na'urar cire kuɗi ta Marzuga kuwa ba abin dogaro ba ce, sai ka ciro dirhaminka tun daga Fas, Marakish, Arfud ko Risani.

4. Hanya

Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas, Yamai da Akara zuwa Kasabalanka. A filin jirgin ka sayi layin waya na Maroc Telecom, Orange ko Inwi, na farkon ya fi kamawa a ƙauyukan kudu. Agogon Maroko daidai yake da na Najeriya da Nijar, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa ɗaya. Daga filin jirgin akwai jirgin ƙasa zuwa cikin gari, daga nan kuma zuwa Fas ko Marakish.

Daga Fas kimanin kilomita 470 ne, awa bakwai zuwa takwas a mota, ta Ifran da Midalt da kwarin Ziz da Rashidiyya da Arfud. Daga Marakish kimanin kilomita 560 ne, awa tara zuwa goma, ta mashigar dutsen Tishka mai tsayin sama da mita 2,200, sannan Warzazat da Tingir. Hanyar Tishka kwana-kwana ce, mai amai a mota ya sha magani kafin a tashi. Da sanyi ƙanƙara kan rufe hanyoyin biyu na ɗan lokaci, ka tambaya tun daren tafiya.

Bas ɗin Supratours tana zuwa har cikin Marzuga. Ta Fas da dare take tashi, ta isa da sassafe, don haka ka shirya da masaukinka su buɗe maka ɗaki ka huta kafin la'asar. Ta Marakish da safe take tashi, ta isa bayan duhu, lokacin raƙuma sun riga sun tafi. Kada ka kama tanti a daren da za ka iso da ita, ka kwana a ƙauye tukuna. Wannan kuskure yana cin kuɗin mutane da yawa.

In bas ɗin da ka samu a Risani ta tsaya, sauran kilomita 35 zuwa 40 sai ka shiga tasin haɗaka mai ɗaukar mutum shida. Ba ta tashi sai ta cika, mai sauri ya biya kuɗin kujerun da suka rage. A Risani za ka haɗu da masu tarar baƙi, wani ya ce nan ne Marzuga ka sauko, wani ya ce zangonka ya rufe amma yana da wani. Ka kira lambar mai zangonka a gabansa, magana ta ƙare.

Wanda ba ya iya doguwar mota ya hau jirgin cikin gida daga Kasabalanka zuwa Rashidiyya, daga can awa biyu ne. Akwai kuma tafiyar rukuni ta kwana uku daga Marakish: daren farko a Dadis ko Tingir, na biyu a rairayi, rana ta uku gaba ɗaya a mota. Ita ce mafi araha, amma araha ba ta ado. Abincin rana ba ya ciki, ana tsayar da ku a shagunan darduma, zangon kuma ba kai ke zaɓa ba. In ita za ka bi, ka nemi wadda ke ƙarewa a Fas, kada ka maimaita hanya.

Mai hayar mota ya tsaya a kan kwalta. Ƙaramar mota in ta shiga rairayi takan kafe cikin 'yan mitoci, fito da ita kuma kuɗi ne.

5. Kafin a shiga rairayi

Ka isa wurin haɗuwa awa uku kafin faɗuwar rana, domin raƙuma kan tashi saura awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan shida, a tsakiyar Oktoba wajen bakwai saura kwata. Ka raba kaya: na dare a jakar goyo, akwati a bar shi a masauki ko a ba motar zango ta kai. Fasfo, kuɗi da magani su zauna a jikinka. Ka yi la'asar, ka zagaya, ka sa dogon wando, ka ɗaure rigar sanyi a ƙugu. Da zarar rana ta faɗi sanyi ke sauka, tun kana kan raƙumi.

Ka naɗa rawani ka bar amawali yadda za ka iya rufe hanci da baki. Mata su ɗaura mayafi sosai, su sa wando a ƙarƙashin abaya ko zane, don a warware ƙafa ake zama.

6. Hawan raƙumi

Ana ɗaure raƙuman a jere da igiya, jagora yana gaba a ƙasa riƙe da akalar na farko. Sirdin tarin barguna ne kewaye da tozo, da mariƙin ƙarfe a gaba. Ka hau yana durƙushe, ka kama mariƙin da hannu biyu, ka miƙe hannuwa, ka jingina baya sosai. Raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi, sai ya wurgo ka gaba, sannan na gaba su tashi ya mayar da kai baya. Wajen sauka ma na gaba ne ke fara durƙusawa, ka sake jingina baya. Yawancin masu faɗowa a waɗannan lokuta biyu suke faɗowa, waya a hannu ana ɗaukar bidiyo.

Yana tafiya ka saki ƙugu ya bi rangajinsa. Mai ƙanƙame jiki shi ke tashi da ciwon baya. A gangara ka jingina baya, a hawa ka ɗan sunkuya. In sirdi ya karkata ka gaya wa jagora nan take ya tsaya ya gyara. Waya in ta faɗi cikin rairayi ba lallai a same ta ba, ka rataye ta a wuya.

Tafiyar minti 45 ce zuwa awa ɗaya da rabi, har da tsayawa kallon faɗuwar rana. Kafin ka hau ka dubi dabbar: raƙumin da ke da gyambo a ƙarƙashin sirdi ko yake ɗingishi, ka ce a sauya. Mai juna biyu, mai ciwon baya ko na ƙugu, tsofaffi da yara ƙanana su bi motar zango, takan kai cikin minti 15 zuwa 30.

7. Duba tanti tun da sauran haske

Za a tarbe ku da shayi mai na'ana'a da gyaɗa. Ka sha, amma kada ka zauna hira sai ka duba tantinka. Ka ja zif ɗin ƙofa ka ga yana rufewa har ƙasa. Ka kakkaɓe barguna, ka ƙirga su: da sanyi uku ne mafi ƙaranci, in ba su kai ba yanzu za ka nema, ba tsakar dare ba. Ka kunna fitila, ka buɗe famfo, ka gwada ruwan zafi. Ka sa waya a caji tun yanzu, domin wutar daga batirin hasken rana take, kuma zanguna da yawa suna kashewa wajen sha ɗaya. Dutsen guga da hitar ruwa suna sauke wutar zango gaba ɗaya, kada ka jona su.

Ruwan zango da tanka ake kawo shi. Wanka na minti uku ya isa, kuma da yamma ya fi da safe. Ruwan famfon ba na sha ba ne.

8. Salla da abinci

Mutanen Maroko Malikawa ne, karatunsu ma Warshu ne, ba za ka ga baƙon abu ba. In ka ce za ka yi salla ma'aikatan za su nuna maka alƙibla, wataƙila ma ku yi jam'i. Ka lura da wannan: a Kano da Katsina alƙibla tana karkata arewa maso gabas, a Marzuga kuwa kusan gabas sak take, wajen digiri 93. Wanda ya saba karkata hagu ya gyara. Ka sauke lokutan sallar garin a waya tun kana da intanet, domin da sanyi alfijir ba ya ketowa sai wajen bakwai saura kwata, rana kuma sai bayan takwas. Ka cika buta ka shigar da ita tanti, in ta kwana a waje ruwan ba ya taɓuwa da asuba.

Abincin dare yakan zo wajen takwas ko tara: miyar harira ko ta kayan lambu, tajin na kaza ko naman tunkiya da ake dafawa a kaskon ƙasa mai dogon murfi, wani lokaci kuskus, sannan lemo da dabino. Mai ciwon sukari ya ce a kawo masa shayi ba sukari tun kafin a haɗa, don a cikin butar suke zubawa, kuma hannunsu ba ya rowa. Bayan abinci ana hura wuta a buga ganguna. Wanda ba ya son kiɗa ya nemi tantin da ke ƙarshen layi tun wajen kama wuri.

9. Dare

Don ganin taurari ka yi nisa kaɗan da fitilun zango, ka kashe tocila, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu, ba duba waya. Daga Nuwamba kaza da 'ya'yanta tana sama tun farkon dare. Amma kada ka ƙetare tudun da zai ɓoye maka hasken zango. Tuddan duk kamarsu ɗaya da dare, iska tana shafe sawu cikin mintuna, gabas kuma iyakar Aljeriya ce da ke rufe tun 1994, akwai sojoji a bakinta. In ka ɓata, ka hau tudu mafi kusa, ka kunna tocila, ka zauna a nan. Lambar jandarma 177 ce, ta motar asibiti 15, babban asibiti kuma sai Rashidiyya.

Ga gargaɗi mafi girma. Kada ka shigar da kaskon garwashi cikin tanti, kada kuma ka kwana da hitar gas a kunne. A rufaffen wuri suna fitar da iskar guba marar wari wadda ke sa mutum barci ya wuce daga nan. Ka ɗumama tantin, ka kashe, sannan ka kwanta. In sanyi ya yi yawa, ka shimfiɗa bargo ɗaya a ƙarƙashinka, domin ta katifa sanyi ke hawowa, ka sa hula da safa busasshiya, ka nemi su zuba maka ruwan ɗumi a kwalba, ka naɗe ta da riga ka sa a ƙafa.

Kunama da maciji akwai su, sun fi fitowa a watannin zafi, kuma sun fi son gindin ciyawa da duwatsu. Ka rufe zif kullum, kada ka yi yawo ba takalmi da dare, ka zazzage takalmi kafin ka sa. Ƙananan sawun da za ka gani da safe kewaye da tanti yawanci na buzuzu ne da ɓeraye, wani lokaci na yanyawa.

In iskar rairayi ta taso, ka rufe ƙofa, ka toshe ƙasanta da tawul, ka sa waya da kyamara a leda, ka rufe hanci da rawani. Kada ka murje ido, ka wanke da ruwan kwalba. Ruwan sama ba ya yawan zuwa, amma in ya zo ba ya wasa: ambaliyar Mayun 2006 ta rusa gidajen ƙasa da dama a Marzuga, a Satumban 2024 kuma ruwa ya kwanta tafki-tafki tsakanin tuddai. In masu zango suka ce yau ba shiga, ka yarda, ka karɓi ɗaki a ƙauye.

10. Asuba da fita

Ka tashi minti 45 kafin fitowar rana. Hawan tudu yana cin lokaci fiye da yadda ido ke nunawa, don kowane taku biyu rairayi na mayar da kai ɗaya. Ka bi ta kan doron tudun, wato bakin nan mai kaifi inda ɓangarorinsa biyu suka haɗu, nan rairayi ya fi tauri. Ka taka cikin sawun na gabanka. Ba dole sai mafi tsayi ba, matsakaicin tudu da ke fuskantar gabas ya wadatar.

Bayan karin kumallo ake fita. Wanda cinyoyinsa suka yi tsami jiya ya koma a mota, ba abin kunya ba ne. Ka biya sauran kuɗi, ka ba jagoran raƙumi dirhami 50 zuwa 100 a hannunsa, ma'aikatan zango kuma nasu daban. Ka kwashe kwalabenka da ledojinka. Kafin ka buɗe kyamara ko ka jona caja, ka hure rairayin da ke ramukansu, kada ka goge gilashi da riga, yana karcewa.

Ranar da ta rage ka je Khamliya, kilomita 7 kudu da Marzuga, ƙauyen 'yan Ginawa, baƙaƙen fata waɗanda kakanninsu aka kawo daga kudancin sahara, akasari ta hanyar bauta. Suna kaɗa wani babban molo mai tsirkiya uku da ƙarafa masu kacau-kacau, kuma a tsofaffin waƙoƙin Ginawa ana ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Ana ba da shayi, ana ajiye abin da ya sawwaƙa.

In ranar fitarka ta dace da Lahadi, Talata ko Alhamis, kasuwar Risani na ci. A can ake sayen dabino majhul da madfuna, gurasar da ake cusa wa nama da albasa a gasa. Ita madfuna sai an yi oda an jira, ka ba da sautu kafin ka shiga kasuwa. A gefen garin akwai kufan Sijilmasa, inda Ibn Battuta ya tashi da ayari a 1352 zuwa Mali, ya dawo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, akwai kuma hubbaren Maulaya Ali Sharif, kakan gidan sarautar Maroko. Tikitin bas ɗin komawa ka saye shi tun ranar da ka iso, domin kujerun Fas da Marakish kan ƙare a Afrilu da Oktoba, in kuwa sun ƙare, sai ka hau tasin haɗaka zuwa Rashidiyya ka nemi wata bas daga can.